Armaya'u Ya Karanta Hanyar Kebbe

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, ofishin dabbobi na Tambuwal yana da mota guda, direba guda da masinja guda. Motar Landiroba ce, direban Almu, masinjan kuwa Armaya'u, wanda tun ranar da aka ba shi keke yake kallon sitiyari kamar gadonsa ne aka danne masa.

Ya taɓa yin wata biyu a Sakkwato wajen wani abokinsa bakanike, ya dawo da lasin da wani ɗan littafi mai jan bango na alamun hanya. Lasin yana cikin hula, littafin a aljihu. A majalisar bakin tasha ba a gama gaisawa da shi sai ya zaro littafin nan.

"Alama arba'in da fuɗu," in ji shi, yana buga bangon da bayan hannu. "Dut suna nan cikin kaina. Ku rufe min ido ku aje ni Ikko, in kawo ku gida ban tambayi kowa ba. Almu da ƙafa shika tuƙi, ni da ilimi nika yi."

Ana nan sai kurkunu ya fito wa Almu, a daidai ƙafar da yake taka kuloci. A makon ne kuma Ardo Bube ya tara shanun mutanensa a bayan garin Kebbe, ta hanyar Fakku, don allurar ciwon bushiya. Maganin ya iso daga Sakkwato da sassafe cikin akwatin ƙanƙara, kuma da zarar ƙanƙarar ta narke, magani ya zama ruwan banza. Malam Abdulƙadiri, malamin dabbobi, mutum ne mai ƙarancin magana da yawan duba agogo. Ya dubi ƙafar Almu, ya dubi akwati, sannan ya dubi Armaya'u da ke tsaye bakin ƙofa yana ta tarin ƙarya don a lura da shi.

"Ka kai ni kafin azahar da ƙanƙarata a raye," in ji Malam. "Almu ya ce daga wanga ciwo gona za shi koma. In ka kai ni, in rubuta Sakkwato a ba ka kakin direba. In ba ka kai ni ba, kekenka na nan jingine."

"Azahar, Malam? Hantsi za shi yi muna can. Sai ma mun jira shanun sun gama karin kumallo."

Kafin a ɗora kaya, rabin Tambuwal ta ji labari daga bakinsa. Cikin waɗanda suka ji har da mahaifiyarsa, wadda ta ce tunda Kebbe za shi, sai ya tafi da Hinde. Hinde 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, tana aure a Kebbe, ta zo gaida goggonta. Yarinya ce da in ta ji muryar mutum sau ɗaya ta mallake ta, ta riƙa sayar da ita kyauta a gidajen biki. Ta iso da kaji biyu da tukunyar daddawa, ta tsaya tana kallon mota, tana kallon direba.

"Ɗan goggo, kai za ka ja mu? Bari in koma gida in nemi gafara."

"Shiga ki yi shiru, ɗiyar kawu. Yau za ki ga abin da karatu ka yi."

Ta shiga baya. Malam ya zauna gaba, ya rungume akwati a cinya kamar jariri. Armaya'u ya gyara hula, ya tayar da mota, ta yi tsalle uku irin na ɗan akuya, 'yan majalisa suka yi tafi. Da ya zo kwanar fita tasha, sai ya miƙa hannu waje yana juya shi kamar mai dama kunu, yadda littafi ya ce a yi in za a karya hagu. Masu tallan fura suna ganin hannu na yafito daga motar gwamnati suka sheƙo a guje, su bakwai, suka tare gaba da baya, kowace tana cusa ƙwaryarta ta taga.

"Ba ku nika kira ba! Kwana nika yi!"

"To ka sha fura tukuna, kwanan ya fi daɗi," in ji wata tsohuwa cikinsu.

Sai da Malam ya sa baki aka samu hanya.

Ba su yi mil biyu a kan babbar hanya ba suka tarar da allon gwamnati, jan baki mai kusurwa uku, ga hoton saniya a ƙasansa. Zuciyar Armaya'u ta yi fari tas. Ga abokinsa na cikin littafi ya fito tarbarsa a fili! Ya taka birki, ya kashe mota, ya naɗe hannu.

"Mi ya faru?" in ji Malam.

"Alama ta goma sha bakwai. Shanu na gittawa."

Malam ya duba gabas, ya duba yamma. Banda wani ƙadangare da ke gyaɗa kai a kan dutse, babu mai rai.

"Ina shanun?"

"Gwamnati ba ta kafa allo banza, Malam. Suna tafe."

"Wagga ta jikin allo ko ƙafa ba ta ɗaga ba," in ji Hinde daga baya. "Ko mu jira ta haihu?"

Malam ya ɗaga akwati ya girgiza a kunne. Ƙanƙara ta amsa ƙwaras-ƙwaras, da ƙarfinta. Ya nuna agogo, Armaya'u ya tayar da mota yana gunagunin cewa shi dai ya sauke nauyin doka. Gaba kaɗan, inda babu allo babu dalilinsa, sai ga garken shanu ya cika hanya maƙil. Armaya'u ya kwanta a kan ham.

"Nan ba wurinku ba na! Allonku na can baya!"

Makiyayin ya dube shi, ya dubi shanunsa, ya ci gaba da tafiyarsa da sanda a kafaɗa. Sai da saniyar ƙarshe ta gama shinshinar fitilar mota suka wuce.

Da suka bar babbar hanya suka kama ta Kebbe, allunan gwamnati suka ƙare kamar an yanke da wuƙa. Jar ƙasa kawai, da gonaki, da kukoki. Armaya'u ya ji wani irin kaɗaici, ya buɗe littafi ya ɗora a gwiwa don ya ɗebe masa kewa. Can sai ga tsibin ɗanyen ganye a tsakiyar hanya. Gaba kaɗan ga wani, gaba ga wani.

"Rage gudu," in ji Hinde. "Mota ta mutu gaba."

"Shafi na nawa?"

"Wane shafi?"

"In babu shi littafi, ba alama ba ta. Abincin awaki na wata raguwa irinki ta zubar."

Ya ƙara taka totur don ta san wane ne direba. Hanya ta lanƙwasa bayan wata kuka, suna shan kwanar kuwa sai ga ƙatuwar motar gyaɗa tsaye a tsakiyar hanya ba taya guda, fasinjojinta zaune kewaye da tukunya a kan murhu. Armaya'u ya yi salati da ƙarfi, ya murɗa sitiyari. Fasinjoji suka watse kamar an jefa dutse cikin zabi. Landiroba ta bi ta kan murhu, ta haura kunya huɗu, ta je ta soka hanci cikin tsibin karan gero ta tsaya.

Daga ƙarƙashin motar gyaɗa wani ƙato ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har gira, da sifana a hannu. Na'iya ke nan, direbanta.

"Kai makaho na? Tsibi nawa na zuba? Tun daga can nika karya rassa har hannuna ya yi kanta!"

Armaya'u ya fito yana kakkaɓe karmami daga hula. Bakinsa kuwa lafiya lau.

"Direba ɗan'uwana, doka ba ta san ganye ba. Ina jan ƙyalle? Ina fitila?"

"Fitila da hantsi?"

Wata tsohuwa ta matso da ludayi a hannu, tana kallon waken da ya baje a hanya da shatin taya a tsakiyarsa.

"Kwana biyu muna nan, ɗana. Wanga shi na wake na farko da ya nuna. Ka ba mota ta ci."

"Ki yi haƙuri, iya," in ji Hinde ta taga. "Babu wake littafi."

Fasinjojin nan suka taru suka turo Landiroba kan hanya, ba don sun yafe ba, sai don su ga bayansa. Da suka yi nisa har ihun Na'iya ya daina isowa, Armaya'u ya gyara zama.

"Kun dai ga kaucewa. Da Almu na, da yanzu muna ƙarƙashin gyaɗa."

Malam ya girgiza akwati. Ƙwaras-ƙwaras ɗin na nan, sai dai an fara jin wani ɗan calam a bayansa.

Suka iso mararraba. Hanyar hagu siririya ce mai yashi. Ta dama kuwa faffaɗa, an zuba mata sabuwar jar ƙasa, amma an gicciya mata manyan rassan ƙaya daga baki zuwa baki.

"An rufe ta dama," in ji Hinde. "Bi hagu. Zagaye na, amma lafiya."

"Wa ya rufe? Hanya in an rufe ta, jan allo aka kafawa da rubutu, shafi na tara. Wanga aikin masu itace na da sunka gaji da ja."

"Armaya'u," in ji Malam, "ƙila yarinyar ga ta..."

"Malam, kai ka san shanu, ni na san hanya. In na ce ka soka allura ga ƙaho, kana yarda?"

Malam ya duba agogo. Ta dama ta fi kusa, wannan kam gaskiya ne, ga rana tana ta hawa. Armaya'u ya sauka ya ja ƙaya gefe, ƙaya kuma ta riƙe bayan rigarsa ta ƙi saki sai da ya bar mata wani yanki. Ya dawo yana tsotsar yatsa, ya ba mota wuta.

Hanyar kuwa sumul, har ya fara waƙa. Can gaba ya hango mutane da diga da shebur, wani dogo a gabansu yana ɗaga hannu biyu sama yana tsalle. Armaya'u ya fitar da nasa hannun ya ɗaga masa cikin isa.

"Kun gani? Har leburori sun san motar gwamnati."

Bai rufe baki ba hanya ta ƙare. Inda kwalbati yake a da, ruwan damina ya tafi da shi ya bar wawakeken kwari cike da taɓo. Landiroba ta sulala a hankali, kamar tsohuwa za ta zauna a tabarma, ta nutse har bakin ƙofa. Kaji suka tashi sama, tukunyar daddawa ta zo gaba ta gaida gilashi, Malam ya ɗaga akwati bisa kai yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Dogon nan, Na'Allah helman leburori, ya tsaya a bakin kwari ya riƙe ƙugu.

"Wa ya ɗauke ƙayata?"

Ya ƙara ɗaga murya.

"Ƙayar da mutum ukku sunka wuni suna sara! Wa ya ɗauke ta?"

Armaya'u ya zuro hannu ta taga da littafi buɗe a shafi na tara.

"Helma, duba nan. Ina allonka?"

"Allo? Na kafa allo bara. Gara ta ci rabi, sauran wani ya yi ƙyauren akurki da shi. Ƙaya kam ba mai satarta, kuma ko jaki ya gan ta juyawa shikai."

"Jaki bai tafi Sakkwato karatu ba, baba," in ji Hinde, tana tsamo kaza daga ƙarƙashin kujera.

Leburori suka zubar da shebur don dariya. Da Malam ya yi wa Na'Allah bayanin ƙanƙara da shanun Ardo Bube, sai helma ya sa aka kawo igiya. Mutum goma sha biyu suka kama daga ɗaya gaɓar, aka ce direba ya sauka ya tura daga baya. Ja na farko ba ta motsa ba, na biyu ma haka, don kowa da lokacin da yake ja. Sai Hinde ta miƙe a bayan mota, ta turo ƙirji, ta buga tafin hannu da bayan hannu, ta saki muryar Armaya'u sak, har da ɗan kakin da yake yi kafin magana.

"Alama arba'in da..."

"Fuɗu!" leburori suka amsa, suka ja gaba ɗaya.

"Arba'in da..."

"Fuɗu!"

A fuɗu ta bakwai mota ta fizge daga taɓo ta haye gaɓar Kebbe, Armaya'u kuwa da ke tura iska ya kife da fuska a inda ta tashi. Aka tsamo shi. In ban da idanu biyu da haƙora, babu abin da ya rage nasa.

Suka yi mil guda cur bai ce uffan ba, abin da ko mahaifiyarsa ba ta taɓa gani ba. Akwati yana ta calam-calam a cinyar Malam. Armaya'u yana jin ƙarar nan, yana hango kekensa jingine da bangon ofis yana jiransa. Can sai fuskarsa ta washe, busasshen taɓo ya tsattsage a kumatunsa.

"Na gane! Malam, na gane! Alamun daji ba bisa allo suke ba, ƙasa suke. Dut abin da ka gani yashe kan hanya, magana ta. Abin da ya ɗauki ƙauyawa shekara ɗari, ni hantsi guda ya ishe ni."

"Wayyo mu," in ji Hinde.

Ba a yi nisa ba ya taka birki har kan Malam ya gaisa da akwati. Takalmi ne ƙafa guda a tsakiyar hanya. Ya sauka, ya kewaya shi sau biyu.

"Gabas shika kallo. Akwai haɗari gabas."

"Maɗaurinai ya tsinke, mai shi ya yar," in ji Hinde.

Ya tsaya wa kashin raƙumi, ya ƙirga shi. Ya tsaya wa fasasshiyar ƙwarya da aka kife kan sanda a gonar wani. Ya tsaya wa wata bishiya don kawai ta karkace. Da ya hango kawunan ciyawar gamba an ƙuƙƙulle su a jere sun nufi cikin daji, ko shawara bai yi ba ya karya sitiyari ya bi su.

"Ga yanke an ƙulla muna!"

"Masu yankan ciyawar jinka na sunka ƙulle, don a san da mai ita!"

Ciyawa ta rufe gilashi. Da ta buɗe, sai ga wani mutum tsaye a gabansu da lauje, yana kallon abin da ya saura na ciyawar da ya yi wata guda yana tsaro. Armaya'u ya nemi ribas, ribas ta ɓuya. Dole ya zagaya mutumin, zagaye mai faɗi, ya kwantar da sauran ciyawar, ya fito ta inda ya shiga. Laujen ya biyo su a sama, ya sauka kan rufin mota.

"Wanga kuma wace alama ta, ɗan goggo?"

Malam ya buɗe baki a karo na farko da ɗan zafi.

"Armaya'u, daga yanzu ko gawa ka gani, wuce. Saura rabin awa."

Kusa da Kebbe akwai rafi mai ruwa iya gwiwa, an kakkafa turaku biyu-biyu a cikinsa.

"Bi tsakanin turakun," in ji Hinde.

"Abin da nika shirin faɗi ke nan, kika tare min baki."

Ya bi tsakani, ruwa ya yi feshi hagu da dama, suka haye lafiya lau. Wannan nasara ta hau masa kai nan take. Har ya juyo ya dubi Hinde don ya ga ko ta shaida.

"Almu in ya fito ruwa yakan tattaka birki har shi bushe," in ji Malam.

"Almu tsoro gare shi. Kai da ka ce saura rabin awa?"

A bakin gari hanya ta sake rabuwa. Ta hagu duk sawun shanu ce da kashinsu. Ta dama kuwa an share ta tas, an yayyafa ruwa, an jera mata duwatsu gefe da gefe, kowane an shafe shi da farar ƙasa, sun gangara reras har inda ido ya tsaya. Armaya'u ya ji hawaye na neman zubo masa. Tun safe yake karanta ƙaya da kashin raƙumi, sai yanzu ga alama irin ta masu hankali.

"Hanyar shanu na nan hagu," in ji Hinde. "Waɗanga duwatsu na baƙo na. Yau aka buɗe sabuwar makaranta, ba ka jin kiɗi?"

"Baƙo? To mu mi na, 'yan gari? Ardo Bube na ya san darajar gwamnati."

"Bafillace da farar ƙasa?"

"Tsaya mu tambaya," in ji Malam.

"Direba ba shi tambaya."

Ya karya dama, ya bi gangara.

A filin makaranta, mutanen Kebbe tun safe suke zaune suna jiran wani babban baƙo daga Sakkwato, wanda aka ce a Landiroba zai zo. An kafa ƙofar ganyen giginya, an yi doguwar rumfar zana an jera kujeru, dattawan gari sun sha rawuna suna gyangyaɗi. Ana hango mota tsakanin fararen duwatsu, wuri ya ɗauka. Makaɗa suka saki kalangu, 'yan makaranta suka miƙe layi biyu suna kaɗa 'yan tutoci kore da fari, maroƙi ya fito yana wasa baƙon da bai gani ba, hedimasta ya gyara tabarau ya tsaya tsakiyar hanya da takardar jawabi.

Armaya'u ya ga taron nan, ya ji kiɗin nan, kansa ya yi girman da hula ta kasa. Ya gyara zama, ya fitar da hannu yana ɗagawa sannu-sannu irin na manya.

"Hinde, ki duba da kyau, don ki ba goggonki labari daidai."

Sannan ya taka birki cikin natsuwa. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka tuwo. Ya sake takawa. Ya taka da ƙafa biyu. Mota ta ci gaba da gangarawa abinta, ba sauri ba tsayawa.

Ta shiga ƙofar giginya, ƙofar ta ce ita ma za ta, ta hau rufi aka tafi da ita. 'Yan makaranta suka dare. Hedimasta, wanda ya kwana uku yana haddar jawabi, ya ƙi yarda ya yi asararsa, ya riƙa ja da baya yana karantawa: "Muna farin ciki... da zuwan... mai girma..." sai da bambar mota ta taɓa gwiwarsa ya yi tsalle gefe. Maroƙi yana gudu a gefen taga yana kirari, don shi a zatonsa haka manya ke shigowa. Dattawa suka farka suka ga mota a cikin rumfa, kowa ya dafe rawani ya nemi hanya, wani ta ƙarƙashin kujera. Landiroba ta ture kujeru tara, ta daki ginshiƙin tsakiya ya karye, rumfa ta sauko a hankali ta lulluɓe ta, sannan ta je ta jingina da randar kunun baƙi ta tsaya.

Kalangu ya yi shiru. Kaza guda ta fito daga ƙarƙashin zana, ta dubi jama'a, ta wuce.

Sai aka ji murya daga cikin zana, ta wajen da Hinde take, muryar namiji mai ɗan kaki, cike da isa:

"Direba ba shi tambaya."

Hedimasta ya matso ya ɗaga bakin zana da ladabi.

"Ranka shi daɗe, sannu da..." Ya tsaya. Idanu biyu ne ke kallonsa daga cikin taɓo. "Wane na wanga?"

Matan unguwar su Hinde suka hango ta tana fitowa ta baya da tukunyar daddawa a kai.

"Laa, Hinde ta! Ai wancan ɗan goggonta na, masinjan Tambuwal!"

Dariya ta fara daga wajen mata, ta bi ta kan 'yan makaranta, ta kama makaɗa, har dattijon da ke ƙarƙashin kujera sai da kujerar ta riƙa rawa. Armaya'u ya fito, ya tsaya cikin kunu, ya ɗaga murya.

"Wa ya ce ku kafa rumfa bisa hanya ba ku sa alama ba?"

Nan wuri ya ƙarasa rushewa. Maroƙi ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Cikin taron akwai Ardo Bube, wanda ya gaji da jira ya hau doki ya shigo gari neman labari. Ya ratso jama'a ya tsaya gaban Malam Abdulƙadiri. Malam ya buɗe akwati. Cikin ruwa, ga guntun ƙanƙara kamar ƙwan kaza yana yawo.

"Da sauranta," in ji Malam.

"To hau," in ji Ardo, ya miƙa masa linzami.

Kafin ya sa ƙafa a likkafa, Malam ya juyo ya shimfiɗa wa Armaya'u tafin hannu, a gaban Kebbe kaf. Armaya'u ya dubi hannun, ya dubi sama, ya ciro makulli ya ajiye a ciki.

Malam na ɓacewa aka hango ƙurar Landiroba ta gaske tana tafe. Aka yi ta maza aka ture ta ƙarya bayan aji, aka ɗaga rumfa, aka jera kujeru. Ginshiƙin tsakiya ne babu, babu kuma lokacin saro wani. Hedimasta ya duba hagu, ya duba dama, idonsa ya sauka kan wanda ya karya shi. Haka Armaya'u ya tsaya a tsakiyar rumfa, hannu biyu a sama yana tallafe da azara, tun daga jawabin maraba har addu'ar tashi. Babban baƙo ya dube shi sau biyu, ya tambayi na kusa da shi ko al'adar garin ce.

Da la'asar Malam ya dawo, rigarsa duk gashin shanu, an yi wa garke allura har ɗan maraƙin ƙarshe. Ya ari takarda wajen hedimasta, ya ɗora a kan motar, ya yi ta rubutu. Armaya'u yana gefe yana murza kafaɗu, yana ƙirga shafuka da ido. Malam ya ninke, ya sa a ambulan, ya liƙe, ya ɗaga kai.

"Masinja!"

Armaya'u ya waiwaya bayansa. Babu kowa sai Hinde tana cin gyaɗa.

"Da kai aka, ɗan goggo."

"Hedimasta ya ara maka keke," in ji Malam. "Gobe da safe ka kai wagga takarda Tambuwal, ka sa ta motar Sakkwato da hannunka. Su aiko muna da direba."

Washegari da hantsi 'yan majalisar bakin tasha suka hango shi tafe a kan keke, riga ba baya, sauran taɓo a bayan kunne. Labari ya riga shi isowa tun jiya a bakin fasinjojin motar gyaɗa. Aka matsa masa wuri, kowa na danne dariya.

"Direba, ina motar?"

Armaya'u ya jingine keke, ya zauna, ya yi ɗan kakinsa. Ya ɗaga ambulan sama yadda kowa zai gani.

"Kun san mi na wanga? Takarda ta zuwa Sakkwato, babban ofis. Shafi fuɗu, ciki da baya, kuma dut a kaina. Ku faɗa min tsakani da Allah, Almu shekara goma shina tuƙi, an taɓa rubuta ko layi guda a kanai?"